An Gyara, Bai Gyaru Ba: Facin Manhajar Sadarwa da Rabon Masu Nazarin Hausa a Ƙasar Rima

Duk saƙon da ya tashi daga waya ko kwamfuta ya shiga intanet ba ya tafiya a dunƙule. Sai an kasa shi ƙananan ƙunshe-ƙunshe, kowane da lambarsa da adireshin inda za shi, sannan a sake harhaɗa su a inda suka sauka. Wani ɗan ɓangare ne na manhajar da ke tafiyar da na'ura yake wannan aiki, kuma idan ya yi kuskuren lissafi, wani lokaci na'urar ce gaba ɗaya take durƙushewa. Masu gyara irin wannan kuskure suna warwatse a Amurka da Turai da Asiya, da Ingilishi suke aiki, kuma ba su da sanyin jiki. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, gyaran nasu ba ya isowa ƙasar Rima yadda ya kamata, kuma wani kaso na nauyin hakan yana wuyanmu, mu masu nazarin Hausa. Na san maganar za ta zo wa wasu banbaraƙwai, don haka bari in fara da yadda abin yake aiki.

Mu ɗauki ɗan kasuwar da ya sayi albasa a Goronyo ko Achida zai aika Legas. Ba ya zuba ta tsibi guda a bayan mota. Buhu-buhu yake ɗurawa, kowane buhu da shaidarsa, domin wanda zai karɓa ya ƙirga ya san ko kaya sun cika. Haka saƙon intanet yake. A mafi yawan hanyoyin sadarwa, ƙunshi ɗaya ba ya wuce bayit 1,500. A cikin wannan, aƙalla bayit 40 na shaida ne, wato adireshi da lamba da sauran bayanan hanya, sai 1,460 su rage wa ainihin saƙon. Ke nan hoton da nauyinsa ya kai bayit miliyan 3 sai ya zama ƙunshi sama da 2,000 kafin ya bar hannun mai shi. Ƙa'idar da ke kula da wannan ƙirga ita ake kira TCP. Tun 1996 aka ƙara mata wata dabara mai suna SACK, wadda ke ba mai karɓa damar cewa: na ga buhu na ɗaya zuwa na shida, na ga na takwas zuwa na goma, na bakwai ne bai iso ba. Sai a sake aiko na bakwan kaɗai.

Ɗura buhu dubu biyu ɗaya bayan ɗaya, a bi da kowane ta duk ƙofofin da ke cikin manhaja, aiki ne mai cin ƙarfin na'ura. Saboda haka a 2006 Herbert Xu ya shigar da wata dabara mai suna GSO cikin zuciyar Linux, wato ainihin cibiyar manhajar da wayoyin Android da galibin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet suke gudana a kanta. Dabarar ita ce a bar kayan a tsibi babba, mai kai wa bayit 65,535, a bi da shi ta ƙofofin sau ɗaya, sai an zo bakin fita a kasa shi wajen kashi 45. A 2009 aka ƙara kishiyarta, GRO, mai tattara ƙananan ƙunshe-ƙunshen da suka shigo ta mayar da su tsibi guda. Dabarun biyu sun sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma sun zo da sharaɗi mai tsauri. Mai kasawa yana aiki ne bisa amana: ya yarda cewa tsibin da aka miƙo masa yana nan yadda takardarsa ta ce, yawansa kaza, girman kowane kashi kaza. Da zarar wani ya taɓa kayan a tsakani bai gyara takardar ba, mai kasawa zai miƙa hannu inda babu kaya, ko ya ɗebo na wani.

Misali mafi shahara shi ne wanda aka bayyana ranar 17 ga Yuni, 2019, wanda Jonathan Looney na kamfanin Netflix ya gano, aka yi masa laƙabi da SACK Panic. Lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Gurbin da Linux ta tanada don rubuta yawan kashin da ke cikin tsibi ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 65,535. Tsibi ɗaya kuwa yana iya ƙunsar gutsure 17, kowane mai bayit 32,768, jimilla 557,056. A zaman lafiya wannan ba matsala ba ce, domin idan aka raba shi da 1,460 ba ya ko kai 400. Amma ƙa'idar ta ba wanda ke ɗaya ɓangaren damar neman a ƙanƙanta masa kashi har zuwa bayit 48, kuma idan bayanan ƙari suka cinye 40, sai 8 kacal su rage. A raba 557,056 da 8, a samu 69,632. Lambar ta fi gurbinta, sai ta zagayo ta koma ƙasa kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta sake farawa daga sifili. Manhajar tana da wani mai gadi a ciki, wanda aka umarta da ya tsayar da komai in ya ga lissafi ya saɓa. Ya gani, ya tsayar. Ta haka mutum daga nesa, ba tare da kalmar sirri ba, yake iya kashe kwamfutar da dubban mutane suka dogara da ita. Kuskuren yana nan kwance tun fitowar Linux 2.6.29 a 2009, shekara goma cur ba wanda ya lura.

Gyaran da Eric Dumazet ya rubuta gajere ne: kafin a haɗa tsibi biyu, a duba ko jimillarsu za ta wuce gurbin, in za ta wuce a fasa haɗawar. Aka kuma ba masu kula da na'urori damar ɗaga mafi ƙanƙantar kashin da za su yarda da shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne muhawarar da ke ƙarƙashin gyaran. Shin idan manhaja ta ga abin da ba ta zata ba, ta kashe kanta ne don kada ɓarna ta yaɗu, ko ta yar da ƙunshin da ya lalace ta yi gargaɗi ta ci gaba? Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya daɗe yana faɗa da masu saka irin wannan mai gadi barkatai, kuma ƙa'idojin rubutun Linux a yau sun fi son gargaɗi a kan kisa. A ganina shi ke da gaskiya. Ba a ƙona rumbu don an ga ɓera ɗaya.

Wannan ciwo tsoho ne, kuma yana da dangi. A 1996 an yi Ping of Death, inda ake aiko gutsattsarin da in an harhaɗa su sai su zarce 65,535. A 1997 aka yi Teardrop, mai aiko gutsattsarin da suke hawa kan juna. A watan Agustan 2018 Juha-Matti Tilli na ƙasar Finlan ya bayyana SegmentSmack da FragmentSmack, waɗanda ke gajiyar da na'ura da aikin jera ƙunshe-ƙunshe har ta kasa yin komai. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na 2024, lokacin da injiniyoyin MediaTek, kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar ɗimbin wayoyi masu sauƙin kuɗi, suka kawo rahoton durƙushewa a wurin da GRO ta tattara kaya, wani ɓangaren manhaja ya taɓa su, sannan GSO ta zo sake kasawa. Wannan hanya ita ce wadda na'ura ke bi idan tana miƙa saƙon wasu, kamar wayar da aka kunna ta raba wa abokai data, ko ɗan akwatin intanet da ke kan teburin shagon buga takardu.

Yadda ake rubuta gyaran kansa abin nazari ne ga mai sha'awar nau'o'in rubutu. Kowane faci a Linux yana zuwa da bayani a zube: ga alamar da aka gani, ga musabbabinta, ga tsohon rubutun da ya haifar da ita, ga abin da aka sauya. A ƙasa kuma sai a jera sunan wanda ya kawo rahoto, da wanda ya duba, da duk wanda facin ya bi ta hannunsa. Tun 2004 aka wajabta wannan sa hannu. Duk wanda ya taɓa buɗa tsofaffin rubuce-rubucen da ke ajiye a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ya ga yadda mai kwafa yake ambaton sunansa a ƙarshen littafi, ba zai ji baƙunta a nan ba. Abin lura dai shi ne, rabin aikin gyara bayani ne. Facin da bayaninsa bai gamsar ba, mayar wa mai shi ake yi.

To, daga nan fa? Facin da aka karɓa yana shiga babban reshen Linux, sai Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa su kai shi tsofaffin rassan da ake ci gaba da kula da su. Daga can sai Google ta ɗauka don Android, sai mai ƙera ƙwaƙwalwar waya, sai mai ƙera wayar kanta, sannan ya iso a matsayin saƙon sabuntawa. Kowane zango yana iya zama na ƙarshe. Rassan ma suna da wa'adi: an daina kula da reshen 4.9 a Janairun 2023, da 4.14 a Janairun 2024, da 4.19 a Disambar 2024, alhali wayoyi masu yawa da aka ƙera a kansu suna nan suna aiki. A Wurno da Rabah da Goronyo, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, waya ba ta ritaya don kamfani ya daina tuna ta. Tana fita daga hannun yaya ta koma na ƙane, a sake mata gilashi da batir, ta yi wasu shekarun. A nan ne bambancin da nahawunmu yake yi tsakanin "an gyara" da "ya gyaru" yake da amfani. Na farko labarin aikin da wani ya yi ne. Na biyu, wanda ke giredi na bakwai a tsarin Parsons, labarin halin da abin ya wayi gari a ciki ne.

Ba ina cewa duk ɗaukewar sabis a ƙasar Rima daga wannan kuskure take ba. Nesa ba kusa ba. Rashin man da ke tafiyar da injinan turakun sadarwa, da yankewar wayoyin ƙarƙashin ƙasa, da rashin tsaron da ke hana ma'aikata zuwa gyara, su ne manyan dalilai. A watan Satumbar 2021 ma gwamnati da kanta ta sa aka rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, saboda 'yan bindiga. Amma wannan ne ma ya kawo mu kan batun harshe. Duk waɗannan dalilai mabambanta, da wanda muke magana a kansa, jimla ɗaya muke rufe su da ita: "ba sabis", ko "waya ta sandare". Mutumin da kalmarsa ɗaya ce ga cuta goma, maganinsa ma ɗaya zai zama. Shi ya sa abin da aka fi yi wa wayar da ke kashe kanta tana sake tashi shi ne a kai ta a yi mata filashin, a share duk abin da ke ciki, sau da yawa a mayar mata da tsohuwar manhajar da kuskuren yake cikinta tun farko. Lambobin abokan ciniki sun tafi, hotunan rasit sun tafi, in ta ɗalibin da ya dawo daga aikin fili ce, hirarrakin da ya naɗa da dattawa sun bi su. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tura masu sayar da albasa da tafarnuwa da shinkafa ga tura kuɗi ta waya da na'urar POS ko suna so ko ba sa so. Tun daga lokacin, lafiyar waya ta shiga cikin jarin ɗan kasuwa.

Akwai kuma zango na ƙarshe, wanda ko faci ya tsallake duk sauran yakan maƙale a cikinsa. Saƙon sabuntawa yana fitowa a fuskar waya, galibi da Ingilishi, yana neman data mai yawa, ba tare da ya faɗi abin da zai gyara da harshen da mai wayar zai gane ba. Ga wanda yake sayen data da ɗari biyu da ɗari uku, kau da saƙon shi ne hankali. Wasu ma suna ɗaukar sa dabarar cinye musu kati ce. Ba zan zarge su ba, domin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayanin da na yi a sama.

Hausa ta samu shiga duniyar kwamfuta, amma ta ƙofar zaure ta shiga ta tsaya. Google Translate ya ɗauke ta a Disambar 2013, Facebook ya bi baya a 2016. Abin da aka fassara shi ne maɓallai: shiga, fita, aika, share. Harshen cikin gida, wato na bayyana dalilin lalacewa da hanyar gyara, ba a taɓa shi sosai ba. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba mu kalmomin nazarin harshe da adabi, kuma albarkacinsa ne muke rubuta digirori da Hausa a yau. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, kafin wayar Android ta farko ta shiga kasuwa a 2008. Ba laifin waɗannan ayyuka ba ne da ba su ƙunshi abin da bai zo ba tukuna. Laifin namu ne idan muka ci gaba da ɗaukar aikin keɓaɓɓun kalmomi a matsayin jera kalmar Ingilishi a hagu, ta Hausa a dama, a ɗaure a ajiye a kanta.

Abin takaicin shi ne kayan aikin suna nan jibge. Ingilishi yana bambanta rarrabawar da mai aikawa ya tsara tun farko da wadda hanya ta tilasta a tsakiyar tafiya, da kalmomi biyu da ɗalibai suke yawan rikitawa. Bahaushe ba ya rikita "kasawa" da "gutsurawa". Mai tumatir a kasuwa kasawa take yi, da niyya, daidai wa daida. Gutsurawa kuwa ɓantarowa ce daga abin da ya riga ya zama guda. Ga lalacewa muna da fashe da tsage da karye da tsinke da ɓalle da toshe da cije da sandare, kowace da irin hoton da take zanawa. Lambar da ta fi gurbinta ta tumbatsa ne, kuma mutanen da suka ga ambaliyar 2010, wadda ta ci garuruwa a yankin Goronyo ta kuma yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba sai an yi musu dogon sharhi a kan ma'aji da ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ita kanta kalmar "faci" da nake ta amfani da ita, masu gyaran taya ne suka aro ta suka horar da ita shekaru da dama, kuma ta zauna wa wannan ma'ana daram, fiye da duk wata da kwamiti zai ƙirƙiro.

Wannan ya nuna inda ya kamata a nemo kalmomin. Suna bakin masu gyaran waya da ke zaune ƙarƙashin lema a ranar kasuwa, da makanikan injin ban-ruwa na fadamun Wurno da na ƙasan madatsar Goronyo, da masu gyaran babur da janareta. Waɗannan mutane kullum cikin bayanin lalacewa suke ga wanda bai san inji ba, kuma in bayaninsu bai shiga ba, ba a biyan su. Ɗalibanmu sun rubuta kundaye da yawa a kan kalmomin saƙa da ƙira da jima da su, kuma sun kyauta. Sana'ar gyaran waya ma ta kai a yi mata haka, da rikoda da littafin rubutu, kasuwa-kasuwa, tare da lura da yadda Sakkwatanci yake sarrafa kalmomin aro daban da Kananci.

Za a ce masu rubuta manhaja da Ingilishi suke yi, kuma haka za su ci gaba. Gaskiya ne, ban kuma nemi a fassara rubutun Linux ba. Likita ma da Ingilishi ya yi karatu, amma da Hausa yake gaya wa majinyaci dalilin da zai sa ya shanye maganinsa ko da ya ji sauƙi. Za a kuma ce mutumin Gandi da ke kwana da fargabar hari ba ta zuciyar manhaja yake yi ba. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai wayar nan ita ce yake jin labarin hanya da ita kafin ya fita, da ita 'yan'uwansa na birni suke turo masa abin cefane. Wanda abin hannunsa kaɗan ne shi ya fi cutuwa idan kaɗan ɗin ya lalace.

Abin da nake ganin ya fi dacewa da Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo shi ne su zauna da masu koyar da kimiyyar kwamfuta a jami'ar, su samar da gajerun bayanai a zube, irin wanda za a iya karantawa a Rediyon Rima cikin minti biyar mai gyaran waya ya ji ya ƙaru. A gwada kowane bayani a kan masu sana'ar, kalmar da suka ƙi a sauke ta ko da farfesa ne ya kawo ta. Darasin farko ma a shirye yake. A cikin saitin kowace wayar Android akwai wurin da aka rubuta kwanan watan facin tsaro na ƙarshe da ta karɓa, tsarin da Google ta fara a 2015. Mai sayen waya ta hannu yana duba gilashi da batir da kyamara. Da ya san da wannan kwanan wata, da ya duba shi ma, ya kuma yi ciniki da shi.

Akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin jami'a. Tun daga 20 ga Yuni, 2025, dokar Tarayyar Turai ta ɗora wa masu ƙera waya samar da sabuntawar manhaja na aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da samfurin. A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke ba kowane samfurin waya izinin shiga kasuwa. Tana da ikon tambayar mai kawo waya shekara nawa zai ci gaba da aiko mata da faci, ta kuma sa a buga amsar a jikin kwali, da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa. Idan hukumar ta nemi jimlar da za a buga, wadda ɗan kasuwar Achida zai karanta sau ɗaya ya gane, sassanmu za ta tunkara, kuma zai kyautu ta tarar an riga an gwada jimlar a kasuwa.